Kwana Uku A Sabon Ibadan

Makon jiya na yi kwana uku a Sabo, unguwar da aka binne cibiyata, bayan shekaru ban taka ta ba. Biki ne ya kai ni, amma na fi daɗewa a zaure da tsakar gida ina gaida dangi. Da na durƙusa gaban Gwaggo, sai ta ce, "Babana, ka zo ganin gida ne, ko daga gida kake?" Kowa ya yi dariya, ni kuwa na rasa amsa. Tambayar nan ce ta sa na zauna rubuta wannan.

Hausawa sun daɗe a Ibadan kafin a kafa Sabo, suna zaune a gidajen Yarabawa a cikin gari. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Ikko a 1901, layin dogo ya kai Kano a 1911, sai baƙi daga Arewa suka yi ta ƙaruwa. A 1916 aka yanka musu wuri kusa da Mokola, aka sanya shi ƙarƙashin Sarkin Hausawa. Sabo ke nan, yau ta haura shekara ɗari.

Abu biyu suka riƙe unguwar, wato goro da shanu. A da can fatake sai sun je Gwanja suke samo goro, amma da Yarabawa suka shiga nomansa a wajajen Shagamu, sai ciniki ya dawo kusa. Kakanmu a nan ya samu abin yi, yana ɗaure huhun goro ana lodawa zuwa Kano. Shanu kuwa daga Arewa suke gangarowa, wasu a jirgi wasu a ƙasa.

Kawu ya zaunar da ni ya bayyana mini yadda abin yake tafiya. Mai shanu zai sauka wurin maigida, a ba shi ɗaki da abinci, dillalan maigidan su sayar wa mahautan Yarabawa bashi. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya daga aljihunsa. Babu takarda, babu banki, sai amana. To amana kuwa sai da sanin asali, shi ya sa ake ɗaukar ɗan wa a ba ƙane ya riƙe, a aurar da 'ya Katsina, a auro wata daga Zariya. Ashe zumuncin da muke gani kamar gaisuwa ce kawai, shi ne jarin kakanninmu.

Wani Bature masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a 1962 zuwa 1963, ya fitar da littafi a kanta a 1969. Ya nuna cewa a farkon shekarun 1950, lokacin da siyasar jam'iyyu ta fara raunana ikon Sarki, mutanen Sabo sun rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, suka kuma fara sallar Juma'a a unguwarsu maimakon babban masallacin cikin gari. Kawu ya ce shi bai karanta littafin ba, amma ya tashi ya tarar da wazifa kullum a masallacin ƙofar gida.

Yanzu zamani ya juya. Kara ta koma bayan gari, tirela ta karɓe aikin jirgi, samari sun koma canjin kuɗi da suya da sayar da waya. 'Ya'yan ƙanwata Yarabanci suke yi da juna, sai an tsawata su juyo Hausa. Kuma a watan Fabrairun 2021, da rikici ya ɓarke a kasuwar Shasha, an rasa rayuka, aka ƙona shaguna da gidaje, mutane da yawa suka hau mota zuwa Arewa. Gwaggo ta ce ita ma 'yan uwa sun yi ta bugo waya ta taho gida, ta ce musu wane gidan? Uwarta da ubanta a Ibadan suke kwance. Ta ƙara da cewa yawancin danginmu na Kano ko sunayensu ba ta sani ba, waɗanda suka san su duk sun rasu.

Wannan ne ya fi tsorata ni. A Ibadan ana ce mana baƙi, in mun je Kano a ce 'yan Kurmi ne, igiyar da ta haɗa gidajen biyu kuwa tana hannun tsofaffi kaɗan.

Kafin in kama hanya na sayi littafin rubutu, na zauna gaban Gwaggo da Kawu, suka yi ta lissafo mini wa ya haifi wa, wa aka aurar ina. Mun cika shafi tara ba mu gama ba. Shawarata ga duk ɗan Sabo, ko na Ibadan ko na Shagamu, in ka je gida ko na kwana biyu ne, ka yi haka tun masu ba da labarin suna raye. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya bar zumunci, amin.