Daga Kwabo Ɗaya Zuwa Fam Biliyan: Yadda Marks & Spencer Ya Yi Sake da Amanar Masu Sayen Tufafinsa

A watan Janairun 2008, Jeremy Paxman, ɗan jaridar talabijin na BBC da ya yi suna wajen titsiye ministoci da tambayoyi, ya aika wa shugaban kamfanin Marks & Spencer, Stuart Rose, saƙon ƙorafi a kan kamfai da safa. Ya ce kamfan kantin ya daina riƙe jiki yadda aka saba, safar kuma tana saurin hujewa. Saƙon ya fallasa, jaridun Birtaniya suka yi kwanaki suna raha da shi. Amma dariyar ta fito da abin da miliyoyin mutane suka daɗe suna gunaguni a kansa: kantin da iyaye da kakanni suka yarda da shi ido rufe ya canza, kayansa ba su da ƙarkon da, kuɗinsu kuma ya fi na maƙwabta.

Kukan cewa kaya sun lalace farashi ya hau tsohon kuka ne a kowace kasuwa, wani lokaci ma kewar zamanin da ce kawai ke sa shi. Abin da ya bambanta labarin wannan kamfani shi ne ana iya bin sawunsa shekara da shekara, a ga inda aka gina ingancin da kuma inda aka fara zare masa tubali.

Tebur a kasuwar Leeds

A 1884 wani Bayahude ɗan gudun hijira daga garin Slonim, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Rasha, ya kafa tebur a kasuwar Kirkgate ta birnin Leeds. Sunansa Michael Marks. Jarinsa fam 5 ne da wani ɗan sari, Isaac Dewhirst, ya ranta masa. Turancinsa bai nuna ba, ciniki yana ba shi wuya, don haka ya kafa allo yana sanar da cewa kada a tambayi farashi, kowane kaya kwabo ɗaya ne. A 1894 Thomas Spencer, mai riƙon kuɗi a shagon Dewhirst, ya zuba fam 300 suka zama abokan tarayya.

Wanda ya mai da harkar katafaren kamfani shi ne ɗan Michael, wato Simon Marks, tare da surukinsa Israel Sieff. Simon ya je Amurka a 1924 ya nazarci manyan kantuna masu rassa. Bayan ya dawo, kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari a 1926, ya kuma kafa ƙa'idar cewa ba zai sayar da abin da ya wuce sule biyar ba. Wannan iyaka ta haifar da tambayar da ta tsara makomar kamfanin: ta yaya za a samu riga mai ƙwari a kan sule biyar?

Amsar ita ce a tsallake 'yan sari a tafi masaƙa kai tsaye. A wancan zamani hakan saɓa al'adar kasuwa ne, domin dillalai suna iya ƙaurace wa duk masaƙar da ta yi haka. Masaƙar Corah ta birnin Leicester na cikin na farko da suka yarda. A 1928 aka yi rajistar tambarin St Michael, don tunawa da wanda ya kafa teburin farko. A tsakiyar shekarun 1930 kamfanin ya buɗe ɗakin gwaje-gwajen yadi na kansa, inda masana ke auna ƙarfin zare, da yadda yadi ke tsukewa bayan wanki, da saurin koɗewar rini. Daga nan ake rubuta wa masaƙa sharuɗɗa dalla-dalla: irin audugar da za a yi amfani da ita, nauyin yadin, yawan ɗinki a kowane inci. Shi ya sa aka riƙa yi masa kirari da mai ƙera kaya marar masana'anta. Lokacin da gwamnatin Birtaniya ta shiga rabon tufafi da kati a 1941 saboda Yaƙin Duniya na Biyu, ma'aikatan kamfanin sun taimaka wajen tsara ƙa'idojin tufafin da aka amince a ɗinka.

Alkawarin da ba a rubuta ba

Bayan yaƙi, tsarin ya tsaya a kan ƙafafu uku. Na farko, kusan kashi 90 cikin 100 na tufafin a Birtaniya ake yin su, a masaƙun da jami'an kamfanin ke iya shiga mota su je su duba cikin yini guda. Na biyu, dangantaka da masaƙun ta shekaru aru-aru ce, kuma bisa yarda take tafiya ba tare da doguwar yarjejeniya a takarda ba. Na uku, duk wanda ya sayi kaya bai gamsu ba yana iya mayarwa a ba shi kuɗinsa ba gardama. Kowace ƙafa tana tallafar 'yar'uwarta. Masaƙar da ta san za a saye kayanta baɗi da baɗin baɗaɗa ba ta jin tsoron sayen sababbin injuna, kantin da ya san kayansa ba za su dawo ba kuma ba ya jin tsoron alkawarin mayar da kuɗi.

Kayan St Michael ba su taɓa zama mafi araha a kasuwa ba. Abin da mai saye ke biya shi ne tabbacin cewa suwaita za ta yi sanyi biyar ko shida ba ta saki ba. Malamin makaranta da matar minista suna sayen irin kamfai ɗaya, babu mai jin kunyar hakan.

Shekarar biliyan

A 1998, ƙarƙashin Richard Greenbury, ribar kamfanin kafin haraji ta haura fam biliyan ɗaya, matsayin da shi ne kantin Birtaniya na farko da ya taka. Shekaru uku bayan haka, a 2001, ta faɗo zuwa fam miliyan 145.

Tun kafin faɗuwar bango ya riga ya tsage. Kantin Next, wanda ya fara a 1982, ya janye matasan ma'aikata. Babban kantin Asda ya shiga sayar da tufafi masu araha da tambarin George. Zara ta ƙasar Sifen ta iso Landan a 1998 da salon sauya kaya cikin 'yan makonni. Waɗannan abokan gasa ba su ɗaure kansu da masaƙun Birtaniya ba, suna ɗinki a inda lada ya fi sauƙi. Ƙarfin fam a ƙarshen shekarun 1990 da rikicin kuɗi na Asiya a 1997 suka ƙara wa kayan waje araha. Marks & Spencer kuwa ya ci gaba da sayen kaya masu tsada a gida, yana kuma faɗaɗa ribar da yake ɗorawa a kansu don kai wa ga adadin da masu hannun jari ke jira. Ya kashe dala miliyan 750 a 1988 wajen sayen kantin Brooks Brothers na Amurka, wanda ya sayar a 2001 kan dala miliyan 225. Har zuwa farkon ƙarnin nan bai karɓar katin bashi na bankuna. Masu saye suka fara ganin kayan sun yi tsada, salonsu kuma ya tsufa.

Martanin kamfanin shi ne ya sare ƙafar farko da ta biyu. A watan Oktoban 1999 ya sanar da kamfanin William Baird, ɗaya daga cikin manyan masu yi masa ɗinki, cewa hulɗarsu ta shekara 30 ta ƙare. Baird ya kai ƙara yana cewa ya cancanci wa'adi mai tsawo. A 2001 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa babu yarjejeniyar da ta wajabta wa Marks & Spencer ci gaba da saye, tunda da gangan ɓangarorin biyu suka ƙi rubuta ta. Amanar da ta riƙe tsarin shekaru da dama ba ta da nauyi a gaban alƙali. Masaƙu suka rufe, dubban ma'aikata suka rasa aiki. Sauran masu ɗinki, har da zuriyar kasuwancin Dewhirst da ya ba da rancen fam 5 na farko, suka kwashe aikinsu zuwa ƙasashen waje. A 2000 aka sauke tambarin St Michael daga matsayinsa.

Inda ƙarko ke zurarewa

Ɗinki a Sin ko Bangaladash ko Turkiyya bai zama dalilin lalacewar kaya ba, domin masaƙun waɗannan ƙasashe suna yi wa kantuna mafi tsada a duniya aiki. Abin da ya canza shi ne tambayar da ake yi wa masaƙa. A zamanin Simon Marks ana fara da ƙa'idar inganci, sannan a nemi hanyar rage kuɗin kai wa gare ta. A sabon tsarin da ya mamaye kasuwar tufafi ana fara da farashin da ake so, masaƙu su yi gasa a kansa, wadda ta yi nasara ta nemi inda za ta rage.

Wuraren ragewa sananne ne ga duk telan da ya ƙware. Ana rage nauyin yadi. Ana amfani da auduga mai gajeren gashi, wadda ke yin ƙudaje bayan wanki kaɗan. Ana gauraya ulu da zaren roba. Ana buɗe tazarar ɗinki, a ƙuntata kalmasa, a cire shafi, a manna abin da a da ake ɗinkewa. Babu ɗayansu da ake gani a ranar saye, sai bayan wanki na goma.

Sauyin duniya ya ƙara wa wannan gasa wuta. Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disambar 2001. Ranar 1 ga Janairun 2005 tsarin ƙayyade yawan tufafin da ƙasashe masu tasowa ke shigarwa Turai da Amurka ya ƙare. Tsawon shekaru farashin tufafi a Birtaniya yana sauka, Primark da manyan kantunan abinci suna sayar da riga kan kuɗin abincin rana. Marks & Spencer ya tsinci kansa a tsakiya: bai kai su araha ba, bai kuma riƙe fifikon da ya sa ake yafe masa tsada ba. A 2009 ya rage wa'adin mayar da kaya zuwa kwana 35.

Daga nan sai kuɗin sarrafawa ya juya sama. Farashin auduga ya ninka fiye da sau biyu cikin shekara guda, ya haura dala 2 a kan kowace laba a Maris na 2011. A Janairun wannan shekara harajin sayen kaya na Birtaniya ya koma kashi 20 cikin 100. Fam ya faɗi bayan ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai a Yunin 2016, alhali da dala ake biyan masaƙun Asiya. A Oktoban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 cikin 100. A irin wannan yanayi kanti yana da zaɓi biyu, ya ƙara kuɗi ko ya rage kaya, kuma da yawa sun yi duka biyun.

Gyara bayan ɓarna

A zamanin Marc Bolland, wanda ya shugabanci kamfanin daga 2010 zuwa 2016, cinikin sashen tufafi da kayan gida ya yi ta raguwa fiye da shekara uku a jere. Magajinsa Steve Rowe ya fara da alkawarin sauke farashin tufafi, da rage yawan gwanjon ragi, da komawa ga kayan yau da kullum masu ƙwari. Wannan tamkar amsa laifi ne, domin kantin da ke yin ragi kowane mako yana koya wa mai saye cewa farashin da ke jikin riga ba na gaskiya ba ne. A Satumban 2019 kamfanin ya fita daga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Landan, ya dawo a 2023 bayan cinikin tufafinsa ya farfaɗo. An ɗauki kusan shekara 25 ana neman dawo da abin da aka yi sake da shi cikin 'yan shekaru.

Ƙarshen wannan sarƙa yana isowa Afirka ta Yamma. Birtaniya na cikin manyan ƙasashen da ke fitar da tufafin da aka yi amfani da su, kuma dilolinsu ake kwancewa a kasuwar Kantamanto ta Accra da layukan gwanjo na Ƙofar Wambai a Kano. Ɗan gwanjo yana sayen dila a rufe, ribarsa ta dogara ga yawan na ɗaya da zai tsinta a ciki. Rigar da aka ɗinka don ta yi shekara goma tana da rai na biyu a hannunsa, wadda aka ɗinka don wanki goma kuwa tana isowa ta riga ta mutu. Tsohuwar suwaita mai tambarin St Michael da ta fito daga dila a yau ta girmi yawancin yaran shagon da za su sayar da ita, kuma mai saye da ya murza yadinta tsakanin yatsu biyu zai gane dalilin da ya sa ta kai wannan shekaru.