Karatun Romaniyanci ga ɗaliban ƙasashen waje

Karatun Romaniyanci ga ɗaliban ƙasashen waje tsari ne da jami'o'in ƙasar Romaniya ke koyar da baƙin ɗalibai harshen ƙasar da al'adunta. Ya kasu gida uku: shekarar share fage, kwasa-kwasan bazara, da musayar ɗalibai. Ga wanda ke son yin digiri na farko da Romaniyanci amma bai iya harshen ba, shekarar share fage ce ƙofar shiga.

Harshen

Romaniyanci ya samo asali ne daga Latin, don haka ɗan'uwan Faransanci ne da Italiyanci da Sifaniyanci. Shi ne harshen gwamnati a Romaniya da Moldoba, kuma sama da mutum miliyan 20 ke magana da shi. Rubutu mafi daɗewa da aka samu a harshen shi ne wasiƙar Neacșu ta shekarar 1521. An daɗe ana rubuta shi da haruffan Sirilik, sai a wajajen 1860 aka koma haruffan Latin. A yau yana da haruffa 31, biyar daga ciki masu alama ta musamman: ă, â, î, ș da ț.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka bambanta shi da 'yan'uwansa shi ne yadda ake liƙa madanganci a ƙarshen suna. "Om" na nufin mutum, "omul" kuma mutumin, kamar dai yadda Hausa ke yi.

Shekarar share fage

Ana kiranta "anul pregătitor" da Romaniyanci. Zango biyu ce, tana farawa a watan Oktoba, kuma tana da maki 60 a ma'aunin ECTS na jami'o'in Turai. A zangon farko ana koyon furuci, nahawu, karatu da rubutu. A na biyu ana ƙara kalmomin fannin da ɗalibi zai karanta, kamar likitanci ko injiniyanci, tare da darasin al'adu da tarihin ƙasar. Ana buƙatar ɗalibi ya kai matakin B1 kafin a ba shi takardar shaida, wadda da ita zai fara digirinsa.

Cikin jami'o'in da ke gudanar da shirin akwai Jami'ar Alexandru Ioan Cuza da ke Iași, wadda aka kafa a 1860, da Jami'ar Bukarest, wadda aka kafa a 1864, da Jami'ar Babeș-Bolyai da ke Cluj-Napoca.

Kwasa-kwasan bazara da musaya

Kwasa-kwasan bazara na 'yan makonni ne, kuma ana haɗa darasin aji da ziyarar wuraren tarihi. Cibiyar Al'adun Romaniya, wadda aka kafa a 2003, ta sha shirya irinsu a birnin Brașov. Ɗalibai kan fara sanin marubuta irin su Mihai Eminescu da Ion Creangă a waɗannan darussa.

Romaniya ta shiga Tarayyar Turai a 2007. Ɗaliban jami'o'in da ke da yarjejeniya da na Romaniya kan je su yi zango ɗaya ko biyu a ƙarƙashin shirin Erasmus+, sannan a lissafa musu makin a jami'arsu ta gida.

Tallafin karatu

Ma'aikatar Harkokin Wajen Romaniya tana ba da gurbin karatu kyauta ga 'yan ƙasashen da ba sa cikin Tarayyar Turai. Tallafin ya ƙunshi kuɗin makaranta, alawus na wata-wata da rangwamen masauki, amma bai shafi likitanci, likitancin haƙori da harhaɗa magunguna ba. Sharaɗinsa shi ne a yi digiri na farko da na biyu da Romaniyanci, shi ya sa yawancin waɗanda suka samu suke farawa da shekarar share fage.