Ƙwari da ɓeraye a gidajen Abuja: yaushe za a kira mai feshi, kuma wa za a kira?

Kyankyaso, kuɗin cizo, gara, sauro da ɓera ba su san bambancin unguwa ba a Abuja. Ana samun su a manyan gidajen Maitama da Asokoro, kamar yadda ake samun su a gidajen haya na Nyanya, Kubwa, Lugbe da Mpape. Inda aka bambanta shi ne wajen yaƙar su. Wani magidanci zai sayi kwalbar fiya-fiya a bakin titi ya yayyafa a ɗakin kwana, wani kuma zai kira duk wanda ya ga lambar wayarsa a jikin katanga. Kowace daga cikin hanyoyin nan biyu tana iya jefa iyali cikin haɗarin da ya fi na ƙwarin kansu. A tsarin da masana lafiyar muhalli ke bi, feshi shi ne mataki na ƙarshe, kuma aiki ne na wanda ya koya, hukuma ta ba shi lasisi.

Abin da ke jawo su

Abu uku kowane ƙwaro yake nema a gida: abinci, ruwa da maɓoya. Tun da fadar gwamnati ta komo Abuja a watan Disamba na 1991, jama'a suka yi ta kwararowa har suka fi ƙarfin tsarin da aka yi wa birnin. A garuruwan da ke kewaye, gidaje sun cunkushe, magudanan ruwa sun yi kaɗan, shara kuma takan daɗe ba a kwashe ba. Hukumar Kare Muhalli ta Abuja, AEPB, ita ke lura da tsaftar cikin birni, yayin da ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, wato AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, ke da nasu sassan lafiyar muhalli.

Yanayi ma yana da nasa tasiri. Daga Afrilu zuwa Oktoba, ruwan damina yana taruwa a ramukan gine-ginen da ba a kammala ba, da tsofaffin tayoyi da tankunan da ba a rufe ba, sauro ya samu wurin hayayyafa. Da rani kuwa, idan aka ƙone ciyayi a filaye, ɓeraye sukan tsere su shigo gidaje neman abinci.

Kowane ƙwaro da halinsa

Haɗarin ɓera yana iya kaiwa ga asarar rai. Wani nau'in ɓera mai yawan nonuwa, wanda masana ke kira Mastomys, shi ke ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu. Mutum yana kamuwa idan fitsari ko kashin ɓeran ya taɓa abinci ko kwanuka. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, kimanin kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka kamu ba sa nuna alama mai tsanani, amma a cikin waɗanda ciwon ya kai su kwanciya a asibiti ana rasa kusan kashi 15 cikin 100. Cutar ta fi ƙamari da rani, shi ya sa hukumar NCDC ke yawaita gargaɗi a wannan lokaci. Ban da cuta, ɓera yana gwaguyar wayoyin lantarki, abin da kan haddasa gobara.

Sauro kuwa shi ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya a Najeriya suke. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi mako ɗaya zuwa kwana 10 ba a yanayin zafi. Wannan ne dalilin da ya sa feshin ɗaki ba ya daɗewa matuƙar akwai kwantaccen ruwa a tsakar gida.

Kyankyaso iri biyu aka fi gani. Babban mai launin ja yana fitowa ne daga masai, kwata da ramin ruwan datti. Ƙaramin, wanda ya fi zama a ɗakin girki, bayan firiji da cikin kabad, shi ya fi wuyar kawarwa, domin macen tana yawo da jakar ƙwai mai ɗauke da ƙwai 30 zuwa 40, kuma feshi ba ya ratsa jakar sosai. Kyankyaso yana kwaso ƙwayoyin cuta zuwa kan abinci, kashinsa da saɓarsa kuma suna tayar da asma, musamman ga yara.

Kuɗin cizo ba alamar ƙazanta ba ne. Yana shigowa ne ta jakar tafiya, akwatin ɗalibin da ya dawo daga makarantar kwana, ko katifa da kujerun da aka saya na hannu. Ko birnin Paris na Faransa ya yi fama da shi a 2023. Yana iya yin watanni bai sha jini ba, yana ɓoye a ɗinkin katifa da tsagar gado. Ba a san shi da yaɗa cuta ba, sai dai ƙaiƙayi da hana barci. Ƙwansa yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, don haka feshi sau ɗaya ba ya gamawa da shi.

Gara ɓarnar dukiya take yi, kuma a ɓoye. Daga ƙasa take tasowa, ta gina siririyar hanyar laka a jikin bango har ta kai ga katakon rufi, ƙofofi da kabad. Fitowar gara mai fiffike daga cikin ɗaki bayan ruwan farko alama ce ta cewa gidanta yana kusa. Maganin da ya fi tasiri shi ne wanda ake zuba wa ƙasa tun ana haƙa harsashi, tare da jiƙa katako da magani kafin a ɗora rufi.

Gubar da ke yawo a kasuwa

Ɗaya daga cikin sinadaran da ke jawo asarar rai a gidaje shi ne dichlorvos, wanda ke cikin maganin Sniper da galibin abin da ake haɗawa a sayar da sunan fiya-fiya. Maganin gona ne mai kama jijiyoyi, kuma yana shiga jiki ta numfashi da ta fata. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa na mililita 100 a kasuwanni da manyan shaguna, bayan yawaitar masu shan sa don halaka kansu. Tun kafin nan, a 2015, Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan sinadari a cikinsa. Mai son adana wake yana da hanyar da ba ta buƙatar guba, wato buhun PICS mai ruɓi uku wanda ke hana iska shiga, ko jarka mai murfi da aka cika aka toshe.

Wata gubar da ta fi wannan muni ita ce ƙwayar da ake sa wa hatsi a rumbu, mai sinadarin aluminium phosphide. Da zarar ta haɗu da danshi sai ta saki iskar gas mai kisa, wadda ke ratsa silin da tsagar bango ta shiga ɗakin maƙwabta. Ba ta da makari. Ba a amfani da ita a gidan da mutane ke kwana ko da za a bar gidan na yini guda. Ita ma shinkafar ɓera, da yake ana gauraya ta da abinci, yara ƙanana da kaji da kuliyoyi ne suka fi faɗawa tarkonta.

Abin da mutanen gida za su fara yi

Kafin a kashe ko kwabo kan feshi, a toshe hanyar abinci, ruwa da maɓoya. A zuba shinkafa, gero, garin kwaki da wake a mazubi mai murfi. Kada a kwana da kwanuka ba a wanke ba, kuma a rufe kwandon shara. A daina shanya hatsi ko rogo a ƙasa a bar shi ya kwana. A gyara famfon da ke ɗiga, a zubar da duk ruwan da ya kwanta aƙalla sau ɗaya a mako. A toshe ramuka da siminti, domin ƙaramin ɓera yana iya bi ta kafar da ba ta wuce kaurin fensir ba. A sa raga a tagogi da bakin bututun masai, a kwana cikin gidan sauro mai magani. Zanen gado da tufafin da ake zargin kuɗin cizo a wanke su da ruwa mai zafi sosai, a goge da dutsen guga. Mataccen ɓera kuma ba a ɗaukar sa da hannu: a sa safar hannu ko leda, a binne shi.

Lokacin kiran ƙwararre

Ana buƙatar ƙwararre idan an ga kyankyasai da rana tsaka, domin hakan na nufin maɓoyarsu ta cika. Haka nan idan kuɗin cizo ya bazu zuwa ɗaki fiye da ɗaya, ko an ga hanyar gara a bango ko katako ya fara rububi, ko ɓeraye sun ci gaba da shigowa duk da tarko. Gidajen abinci, otal-otal, makarantun kwana da ɗakunan ajiya kuwa suna buƙatar dubawa a kai a kai.

Hukumar da ke ba kamfanonin feshi lasisi ita ce Majalisar Lafiyar Muhalli ta Najeriya, EHCON, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. An kafa ta da dokar 2002 da sunan EHORECON, kuma ita ce ke yi wa jami'an duba-gari rajista. NAFDAC kuma ita ke yi wa magungunan rajista. Don haka mai gida yana da hurumin ya nemi ganin lasisin EHCON da takardar rajistar kamfani ta CAC, ya kuma ga kwalbar maganin da idonsa, da sunan sinadarin, lambar NAFDAC da ranar da zai daina aiki.

Ana gane ƙwararre da cewa sai ya zo ya duba gidan kafin ya faɗi farashi. Zai tambaya ko akwai jarirai, mai juna biyu, mai asma ko dabbobi. Zai bayyana irin ƙwaron da hanyar da ta dace da shi, domin ƙaramin kyankyaso, alal misali, ya fi mutuwa da ɗan abinci mai guba da ake ɗigawa a lunguna fiye da feshi. Zai zo da takunkumi, safar hannu da rigar aiki, ya ba da rasit, ya kuma sa ranar dawowa, wadda ga kuɗin cizo takan kasance bayan kimanin mako biyu. Wanda ya zo da magani a jarkar da ba rubutu, ko ya ce haɗinsa sirri ne, ko ya yi alƙawarin ƙwaro ba zai sake dawowa ba har abada, a sallame shi. Ƙarfin wari kuma ba shi ne ƙarfin magani ba.

Kafin feshi da bayansa

A fitar da abinci, ruwan sha, kwanuka, magunguna da kayan wasan yara, ko a rufe su ruf. Kowa ya fita, har da dabbobi, kuma a sanar da maƙwabtan da ake raba bango da su. Kada a koma sai lokacin da aka rubuta a jikin maganin ya cika, sannan a buɗe ƙofofi da tagogi iska ta ratsa kafin a kunna na'urar sanyaya ɗaki ko a kwanta. A wanke teburin girki da duk inda hannun yaro zai kai da ruwa da sabulu.

Idan guba ta taɓa mutum

Alamomin gubar irin su fiya-fiya sun haɗa da dalalar miyau, gumi, amai, ciwon ciki, ƙanƙancewar ƙwayar ido da wahalar numfashi. A fitar da mutumin inda iska take, a cire masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke fatar da ruwa da sabulu. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada kuma a tilasta masa amai, domin abin yana iya sauka cikin huhu. A garzaya da shi asibiti mafi kusa tare da kwalbar maganin, saboda sunan sinadarin ne zai nuna wa likita makarin da zai bayar. A Abuja akwai Asibitin Ƙasa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, da asibitocin gwamnati na Asokoro, Maitama, Wuse, Kubwa da Nyanya. Lambar kiran gaggawa ita ce 112. Wanda kuma zazzaɓi ya ƙi sauka a jikinsa duk da shan maganin zazzaɓin cizon sauro, musamman a gidan da ake fama da ɓeraye, ya koma asibiti ba tare da jinkiri ba. Ana kiran NCDC kyauta a kan 6232.

A gidan da masu haya da yawa ke zaune, feshin ɗaki ɗaya korar ƙwarin yake yi zuwa ɗakin gaba, su dawo bayan 'yan makonni. Abin da ya fi dacewa shi ne mai gida da masu haya su haɗa kuɗi a yi wa ginin duka aiki a rana ɗaya, har da masai, kwata da wurin zubar da shara. Idan kuwa tushen matsalar juji ne ko toshasshiyar magudana a unguwa, sai a kai ƙorafi ga AEPB ko sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma, domin jami'an duba-gari ne doka ta ba ikon tilasta gyara.