Katin banki: wanne ne gyara, wanne ne bashi, kuma me ake dubawa kafin a sauya

Ni ɗan Tungan Maje ne, nan kan hanyar Zuba zuwa Gwagwalada. Mahaifina fataucin shanu yake yi, yana saye a karar Dei-Dei da kasuwannin Arewa, wani lokaci ya loda tirela zuwa Legas ko Ibadan. Tun da na gama sakandare ni ke riƙe masa waya da katunan banki, don shi alat ma sai na karanta masa. Wani ɗan'uwanmu da ke Sabon Shagamu ya tambaye ni game da katin da ake cewa yana mayar wa mutum wani abu in ya yi sayayya, na ga gara in rubuta amsar a nan kowa ya gani.

Kati iri biyu ne, kuma a ido ba a bambance su. Akwai katin cirar kuɗi, wanda muke kira katin ATM: kuɗinka ne da ke asusu kake taɓawa, in babu ba zai biya ba. Akwai kuma katin bashi: banki ne ya ware maka wani adadi, ka kashe, ka biya daga baya. Sunan da ke jikin katin, Verve ko Mastercard ko Visa, ba shi ke nuna wannan ba. Sunan kamfanin da kuɗin ke bi ta hanyarsa ne kawai. Verve na gida ne, kamfanin Interswitch ya fito da shi a 2009. Mastercard da Visa na Amurka ne. A Janairun 2023 Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da wani na gida mai suna AfriGO. In a cikin ƙasa kake harka, duka suna aiki a na'urar POS. Mai sayayya a intanet daga waje ko mai shirin Umara shi ya kamata ya damu da sunan, kuma ya tambayi bankinsa nawa ne iyakar dalar da aka yarda ya kashe, don bankuna da yawa sun rufe wannan ƙofar a katin naira tun 2022, sai a 2025 suka fara buɗewa.

To, maganar tukuici. A Amurka da Ingila mutane kan yi ta sauya katin bashi saboda wannan yana mayar da kashi kaza cikin ɗari, wancan yana tara maki na tikitin jirgi. Kuɗin ba daga sama yake faɗowa ba. Duk lokacin da aka saka kati a shago, ana yankar wani kaso daga mai shagon, daga ciki ake ɗan gutsura wa mai katin. Sauran kuma yana fitowa ne daga kuɗin ruwan waɗanda suka kasa biya a kan lokaci. A nan gida katin bashi bai yaɗu ba, galibi ma'aikaci mai albashi ake ba. Abin da mu muka fi gani shi ne ɗan abin da manhajoji irin su OPay da PalmPay ke mayarwa in ka sayi katin waya ko data. Wannan kamar gyara ne da mai awo ke ƙara maka a kan mudu, da daɗi, amma ba ya sa ka bar mai arha ka tafi wurin mai tsada.

Ga lissafi na misali, ba na wani banki ba. A ce kati yana mayar da kashi 1 cikin ɗari, ka kashe dubu 200 a dusa da maganin dabbobi, tukuicinka dubu 2 ke nan. A ce kuɗin ruwa kashi 3 ne a wata, mahautan da ka ba shanu bashi kuma suka wuce ranar alkawari, kamar yadda suka saba. Wata ɗaya kaɗai dubu 6 ta hau kanka. Katin bashi yana da kwanakin rangwame waɗanda in ka biya duka a cikinsu ba ruwa, amma an yi shi ne don mai albashin da ya san ranar da kuɗinsa ke shigowa. Mai kara bai san ranar ba. Kuma “mafi ƙarancin biya” da ake rubutowa a wata ba ya kashe bashin, ragowar tana ci gaba da haihuwa.

Mu abin ya taɓa zuwa har gida. Wani ma'aikacin banki ya ga kuɗin da ke shiga asusun Baba, ya kawo takarda yana cewa kati ne na manyan kwastomomi. Da na karanta na ce, “Baba, wannan fa na bashi ne, akwai ruwa in an makara.” Ya ce, “Kai yaro, mayar masa. Ni da ruwa ko na kwana ɗaya ne ba ni ciki.” Shi ke nan maganar ta mutu. Wanda ke da irin ra'ayin Baba yana da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Hukuncin shi kansa tukuicin kuwa, malamin unguwarku za ku tambaya, ku kuma nuna masa takardar sharuɗɗan, kada ku ba shi labari da baki.

Wani abu da mutanenmu ba su sani ba: tun Agustan 2020 akwai tsarin da ya ba banki damar kwaso bashinsa daga sauran asusunka na wasu bankuna ta hanyar lambar BVN, in ka sa hannu a kan haka lokacin karɓar bashin. Don haka jefar da kati a buɗe asusu a wani wuri ba ya raba mutum da bashi. Sunansa ma yana iya shiga rajistar masu taurin bashi.

A wajena cajin da ake yanka ya fi tukuici muhimmanci wajen zaɓen kati. Daga 1 ga Maris 2025, cirar kuɗi a injin bankinka kyauta ne. A injin wani banki naira 100 ce kan kowace dubu 20, in kuma injin ba a harabar banki yake ba ana iya ƙara har naira 500 a kai. Cirewa uku kyauta a wata da aka saba an soke. Wato wanda ya ciri dubu 100 a injin da ke cikin kasuwa zai iya rasa dubu 3. Saboda haka ɗan'uwa a Agege ko Lokpanta ya fara duba bankin da ke da inji kusa da kararsu.

Sai inda kuɗin ke kwana. A 2024 hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiya zuwa miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan maikrofainans. A Yunin shekarar aka soke lasisin bankin Heritage, masu ajiya sama da haka suka shiga jira. Kuɗin tirela ɗaya ta shanu ya ninka miliyan 5 sau da yawa, shi ya sa ba ma tara su wuri guda.

In ka yanke shawarar sauyawa, kada ka rufe tsohon sai sabon ya yi aiki a POS da inji sau biyu ko uku. Ka sanar da dillalai da mahauta sabuwar lambar asusu da bakinka, don 'yan damfara na amfani da irin wannan lokacin. In katin bashi ne, ka biya ragowar duka, ka karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka ko kwabo, ka adana. Tsohon katin kuma ka sa banki ya toshe shi tukuna, sannan ka sa almakashi ta tsakiyar ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinare.