Matsalolin birki idan mota tana ja da baya a gangare

A Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa, gidaje da yawa an gina su sama da hanya saboda ruwan damina, sai a yi gangaren siminti daga ƙofar garaji zuwa titi. Akwai kuma wuraren da ƙasar kanta ke da hawa da sauka, kamar unguwannin Yamai masu gangarawa bakin kogi, da gefen duwatsun Birni a Damagaram, da garuruwan Adar irin su Keita da Buza. A irin waɗannan wurare ne direba kan fara jin wani abu a birkinsa da safe, lokacin da yake fitar da mota da baya. Wani lokaci abin ba komai ba ne, wani lokaci kuma alamar farko ce ta lalacewar da za ta iya cin rai. Ana bambanta su ta hanyar lura da abu biyu: irin ƙarar da ake ji, da yadda fedar birki take a ƙarƙashin ƙafa.

Dalilin da ya sa matsalar ke bayyana a ja da baya

An ƙera birkin mota ne da tafiya gaba a zuciya. Idan aka taka birki ana tafiya gaba, nauyi yakan koma kan tayoyin gaba, shi ya sa su ke yin mafi yawan aikin tsayarwa. Idan kuwa mota tana sauka gangare da baya, nauyin yana komawa baya, tayoyin gaba su yi sauƙi. To, in akwai rairayi ko tsakuwa a kan simintin, tayoyin gaba sukan kulle su riƙa zamewa, aikin ya rage ga birkin baya, wanda shi ne ƙarami, kuma shi aka fi mantawa da shi wajen gyara. Na'urar ABS ba ta cika taimakawa a nan ba, domin a motoci da yawa ba ta aiki idan gudun bai wuce na mai tafiya a ƙasa ba. Share rairayin da ke kan gangaren kaɗai yakan magance wannan zamewa.

Ƙarar da ba ta da haɗari

Idan mota ta kwana bayan ruwan sama ko bayan wanki, tsatsa mara kauri takan hau diskin birki. Da safe sai a ji ƙarar gogayya, amma bayan an taka birki sau uku ko huɗu ta ɓace. Ƙurar hunturu ma takan jawo haka. Haka nan ƴar ƙara guda ɗaya, ƙwas, a takun farko bayan an sauya daga gaba zuwa baya: plaketi ne suka ɗan motsa a mazauninsu. Idan ƙarar ta ƙaru, a duba ƙananan ƙarafan da ke riƙe su da kusoshin etiriye, domin kusa mai sako-sako ba abin wasa ba ce.

Ƙarar da ke buƙatar gyara

Plaketi da yawa suna da wani ɗan ƙarfe da aka sa musamman don ya taɓa diski ya yi ƙara siririya idan sun cinye. Sau da yawa a ja da baya ake fara jin sa. Sabon plaketi yana da kauri kimanin milimita 10 zuwa 12, kuma ana sauya shi idan ya sauko milimita 3. Idan ƙarar ta koma gurzar ƙarfe da ƙarfe kuma ba ta dainawa, to plaketin ya ƙare, diski ake ci. Ana sauya plaketi ne na tayoyi biyu tare, hagu da dama, don kada mota ta riƙa jan gefe ɗaya.

Tambur da birkin hannu

Ƙananan motoci da yawa, da motocin ɗaukar kaya irin Hilux, tambur suke da shi a baya. A ciki akwai takalman birki biyu da ke buɗewa su matse tambur. Idan aka ja birkin hannu alhali tambur ya jiƙe, takalman sukan manne. Da safe mota ta ƙi motsawa, sannan ta saku da ƙara mai ƙarfi. Idan hakan yana maimaituwa, a buɗe tambur a wanke shi, a duba ko wayar birkin hannu ta yi tsatsa. Idan kuma tayar baya ɗaya tana cafkewa da zarar an taɓa birki, galibi man birki ne ke yoyo daga ƙaramin silinda ya jiƙa takalman. Wannan sai an sauya silindan da takalman duka; wankewa da isansi ba gyara ba ne.

Birkin hannu mai lafiya yana riƙe mota a gangare shi kaɗai. A ƙananan motoci da yawa yakan kama bayan ƙas-ƙas 5 zuwa 8. Idan sai an ja shi har ƙarshe, ko mota tana silalewa duk da an ja, yana buƙatar saiti.

Feda mai tauri

Ƙarfin ƙafa kaɗai ba ya isa. Akwai wani tulu da makanikai ke kira sarbo, wanda ke ƙara wa takun ƙarfi da zuƙar iskar inji. A motocin gazuwal, wani ɗan famfo ne ke samar da zuƙar. Idan inji a kashe yake, taimakon ba ya wuce taku biyu ko uku, daga nan feda ta sandare kamar dutse. Shi ya sa sakin mota ta gangara da baya ba tare da an tada inji ba, don tsimin mai ko don batir ya mutu, yake da haɗari ƙwarai.

Gwajin sarbo yana da sauƙi. A kashe inji, a taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri, a riƙe takun, sannan a tada inji. Idan feda ta ɗan sauka, sarbo lafiya yake. Idan ba ta motsa ba, a duba bututun robar da ke zuwa gare shi, domin zafi yakan tsage shi.

Feda mai laushi ko mai nutsewa

Wannan ita ce alama mafi muni. Idan direba ya riƙe birki a gangare sai feda ta riƙa nutsewa sannu a hankali, ko dai mai yana yoyo a wani wuri, ko robobin cikin babban silinda sun lalace. Idan kuma feda tana da laushi kamar soso, iska ce ta shiga bututu. Jar fitilar birki da ke kamawa a gangare kawai, ta mutu a shimfiɗaɗɗiyar hanya, tana nuna mai ya yi ƙasa a kwalbarsa. Ƙara mai kawai ba ya isa. Sai an gano inda ya tafi. Motar da ke cikin wannan hali ba ta hawa titi sai an gyara.

Man birki yana shan danshi. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230, amma idan ya sha ruwa ma'aunin yakan sauko zuwa 140 da 155. Don haka masu ƙera motoci da yawa suke cewa a sauya shi duk shekara 2. Irin da ya dace a rubuce yake a murfin kwalbar. Zuba man inji ko na sitiyari a ciki yana kumbura robobin ya lalata birkin gaba ɗaya.

Motoci masu otomatik

Idan aka tsaya a gangare aka sa P ba tare da birkin hannu ba, duk nauyin motar yana rataye a kan wani ɗan ƙugiya a cikin akwatin bitesi. Shi ne dalilin da ya sa sandar take ƙin fita daga P, ko ta fita da ƙara kwaram. Laifin ba na birki ba ne. Tsarin da ya dace shi ne: a taka birki, a sa N, a ja birkin hannu, a saki ƙafa a hankali har mota ta zauna, sannan a sa P.

Ajiye mota da fitar da ita

Mota mai ambiriyaji ana barin ta a bitesi na ɗaya idan ta fuskanci hawa, a na baya idan ta fuskanci sauka, a kuma karkata tayoyi zuwa gefen hanya. Dutse ko guntun katako a bayan taya kariya ce ta ƙari, ba madadin birkin hannu ba. Kafin a ja da baya, direba ya zagaya motar da ƙafa, domin ƙaramin yaro ko akuya da ke bayanta ba sa fitowa a madubi, sannan ya taka birki sau ɗaya ya ji tsayuwar feda kafin ya saki birkin hannu.