Daga Dandali Zuwa Filin Makaranta: Tarihin Wasannin Motsa Jiki Na Yaran Hausawa

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake jaddada shawararta cewa yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jikinsa sosai na kimanin minti 60 a kowace rana. Wani binciken da hukumar ta jagoranta, wanda aka buga a shekarar 2019, ya nuna cewa kashi 81 cikin 100 na matasan duniya 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan ƙa'ida. Ga wanda ya tashi a ƙauyen Hausa kafin samun mulkin kai, wannan shawara abar mamaki ce, domin a zamaninsa zaunar da yaro wuri ɗaya shi ne aiki. Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin yadda aka zo daga wancan hali zuwa na yau, a kuma fito da abubuwan da ke sa yaro ya motsa jiki ko ya ƙi.

2.0 Zamanin Dandali

Kafin zuwan Turawa, rayuwar yaro Bahaushe cike take da aikin ƙarfi tun daga asuba. Namiji yakan bi mahaifinsa gona, ya yi kiwo, ya yo ciyawa, ya samo karan da za a hura wutar karatun dare. Mace kuwa takan yi daka da niƙa da ɗebo ruwa da talla. Wasa yana zuwa ne bayan an ci tuwon dare, musamman da kaka da rani, lokacin da aikin gona ya ƙare, hatsi ya shiga rumbu, ga kuma farin wata.

Wasannin maza sun fi karkata ga gwada ƙarfi da juriya. Daga cikinsu akwai kokawa da dambe da tsere da ɓuya da iyo a kududdufi. Langa ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Yara sukan kasu gida biyu, kowa ya riƙe ƙafarsa ɗaya ta baya da hannu, yana tsalle da ɗayar. Kowane gida yana da wanda ake kira ruwa, wanda 'yan gidansu za su kare har ya isa wurin sha, abokan karawa kuwa suna ƙoƙarin ture shi. Duk wanda ya faɗi ko ya saki ƙafarsa ya mutu, sai ya koma gefe. A cikin wannan wasa guda ɗaya yaro yana samun ƙarfin cinya da tsawon numfashi, yana kuma koyon yadda ake sadaukar da kai don wani ya kai gaci. 'Yammata su ma suna da nasu, irin su gaɗa da carmandudu da 'yar gala-gala, waɗanda suka haɗa tafi da tsalle da faɗawa hannun ƙawaye. Da watan azumi kuwa tashe yakan zagaya da yara gida-gida har dare ya yi nisa.

Akwai shaidun tarihi a kan wannan. Lokacin da Hugh Clapperton ya zo Kano a 1824, ya nemi a kawo masa 'yan dambe ya gani, ya kuma rubuta cewa sun zo tare da mahauta. Wannan ya nuna daɗewar dangantakar dambe da rundawa, inda yaro kan tashi ya tarar da wasan a gidansu. Haka kuma littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau aka buga a 1954, yana ɗauke da bayanin waƙe-waƙe da raye-rayen 'yammata na ƙarshen ƙarni na 19.

Idan aka duba da kyau za a ga abubuwa huɗu ne suka riƙe wannan tsari. Na farko fili, domin kowace unguwa tana da dandali, ga kuma fegi bayan girbi. Na biyu lokaci, wanda yanayin shekara da hasken wata suka tsara. Na uku tsara, domin yara na ganin na gaba da su suna yi, kuma sarkin samari yana tsawatarwa idan wasa ya nemi zama faɗa. Na huɗu yardar manya, waɗanda suka san kowane yaro da gidansu, don haka hankalinsu a kwance yake.

3.0 Zuwan Makarantar Boko

Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909. A 1922 kuma Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina. Malaman wannan kwaleji sun fito ne daga makarantun Ingila inda aka yi imani cewa filin wasa wurin gyaran hali ne, don haka suka shigo da kurket da ƙwallon ƙafa da guje-guje. Wani malami mai suna Hogben ya kawo wasan nan na buga ƙwallo da hannu a jikin bango da ake kira fayib. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda ya yi karatu a kwalejin daga 1926 zuwa 1931, ya shahara da son wannan wasa, kuma ya ci gaba da yin sa har yana Firimiya.

Makaranta ta sauya ma'anar wasa ta fuskoki uku. Ta ɗauke shi daga dare ta mayar da shi rana, a ƙarƙashin agogo da usur na malami. Ta sa ya zama mai bukatar kayan saye, alhali langa ba ta bukatar komai sai ƙafa. Sannan ta fifita maza, domin sai a 1930 aka buɗe makarantun 'yammata na gwamnati a Kano da Katsina, kuma ɗalibansu kaɗan ne. Duk da haka, a wannan zamani dandali bai girgiza ba, saboda 'yan boko tsiraru ne, kuma su ma da sun zo hutu can suke komawa.

4.0 Bayan Mulkin Kai

Babban sauyi ya zo ne da shirin ilmin firamare kyauta na UPE a watan Satumba na 1976. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin Nijeriya, sai ga wajen miliyan 3 sun hallara. Tsarin ilmi na ƙasa na 1977 ya sanya darasin motsa jiki da kiwon lafiya cikin manhajar firamare, amma cunkoso ya sa makarantu da yawa suka gina azuzuwa a kan filin wasa, malaman da aka horar cikin gaggawa kuwa ba su da ƙwarewa a fannin. Da makarantu masu zaman kansu suka yawaita daga baya, da dama a gidajen haya aka buɗe su, inda babu ko wurin tsere.

A daidai wannan lokaci birane suka bunƙasa, aka yanka filayen unguwanni aka sayar, lunguna suka cika da babura. Talabijin, wadda ta fara aiki a Kaduna a 1962, ta janye yara zuwa cikin gida a daidai lokacin fita dandali, bidiyo ya biyo baya, sannan wayar hannu daga 2001. Yaron birni yakan tashi daga boko ya wuce Islamiyya, ya dawo da aikin gida. Rashin tsaro ya ƙara dagula al'amarin. Bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021, ba za a zargi uban da ya kulle ƙofarsa da magariba ba. Maza sun sami mafita a ƙwallon ƙafa, wadda suke bugawa a duk inda suka sami sarari. 'Yammata kuwa da dandali ya mutu, ba a musanya musu shi da komai ba.

Jamhuriyar Nijar ta bi wata hanya. A 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, wadda ta zama ta takobi. Ganin ana ɗaukaka 'yan kokawa ya sa yara a Maraɗi da Damagaram suna kwaikwayonsu a kan rairayi. A Nijeriya ma an shigar da langa da kokawa da dambe cikin gasar wasanni ta ƙasa, wadda aka fara a 1973, sai dai wannan bai sauko zuwa makarantun firamare yadda ya kamata ba.

5.0 Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa yaran Hausawa ba su daina wasa don lalaci ba. Ginshiƙan nan huɗu ne, watau fili da lokaci da tsara da yardar manya, suka raunana ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka wa'azi ga yara ba zai wadatar ba. Abin da zai yi amfani shi ne a hana gini a filayen makarantu, a ware fili a kowace sabuwar unguwa, a kuma koya wa ɗaliban kwalejojin horon malamai wasannin gargajiya, tun da ba su bukatar kuɗi. Ya kamata a ba 'yammata wuri da lokaci nasu a cikin makaranta, a hannun malamai mata, yadda iyaye za su aminta.

Ga manazarta harshe akwai wani abin damuwa na daban. Kowane wasa yana tafe da kalmominsa da waƙoƙinsa da ƙa'idojinsa. Umaru Dembo ya tattara wasu a littafinsa Wasannin Yara, amma kowace ƙasa tana da irin nata, kuma na Gobir ba lalle ne ya yi daidai da na Haɗeja ba. Waɗanda suka yi waɗannan wasanni a dandali kafin 1976 yanzu sun ba shekara 50 baya. Ɗaliban da ke neman batun bincike suna da aiki a gabansu, kuma gwamma a je a same su tun suna iya nuna yadda ake yi.