Tarihin "damin lambobi": dabarar da ta rage wa rauta yawan surutu

Ka taɓa tambayar kanka yadda banki mai rassa a garuruwa da dama yake aiki kamar duk kwamfutocinsa a ɗaki ɗaya suke? Ɗaya daga cikin hanyoyin da kamfanonin sadarwa ke haɗa wannan ita ce VPLS, wadda ke tafiya a kan fasahar MPLS da aka fitar da ƙa'idarta a 2001. A MPLS, kowane ƙunshin saƙo ana manna masa lamba, kuma da lambar ake sanin inda za shi.

To ga matsalar. A VPLS dole kowace rauta ta haɗu da kowace. Rauta 10 na buƙatar hanyoyi 45, rauta 100 kuwa 4,950. Kuma kowacce sai ta gaya wa 'yar'uwarta lambar da za ta riƙa manna mata.

Injiniyoyi sun rabu gida biyu a kan wannan. Ɓangaren Marc Lasserre da Vach Kompella suka ce a bi ta LDP, wato kowace rauta ta yi magana da kowace, ɗaya bayan ɗaya. Kireeti Kompella da Yakov Rekhter na kamfanin Juniper suka ce a'a, a bi ta BGP (shi Rekhter ɗin yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro BGP tun 1989). Ƙungiyar IETF ba ta zaɓi gwani ba, sai ta fitar da duka biyun a Janairun 2007: RFC 4761 na BGP, RFC 4762 na LDP.

Sai dai BGP kamar sanƙira yake, shela ɗaya yake yi kowa ya ji. Ta yaya shela ɗaya za ta ba kowa lambarsa daban? Nan dabarar take. Rauta ba ta faɗin lamba ɗaya, dami guda take shelantawa: ga lambar tushe, ga inda layi ya fara, ga yawan lambobin. Kowa sai ya yi lissafin tasa da kansa.

Misali, rauta ta ce tushe 5000, layi ya fara daga 1, girman dami 8. Kai da lambarka a rukunin take 3, sai ka ce 5000 a tara da 3 a cire 1. Ka samu 5002. Ita za ka riƙa mannawa, ita kuma da ta ga 5002 ta san daga wurinka ne. Mai lamba 12 fa? Damin bai kai gare shi ba, dole a shelanta wani da zai fara daga 9.

Ba kyauta ba ne fa. Dami na 8 ko rauta uku ce kacal a rukunin, sauran lambobin an riga an keɓe su, suna zaune ba aikin fari ba na baƙi. Idan kuma injiniya ya raba lambobin rukuni barkatai, 1 da 50 da 200, kowanne sai an buɗe masa sabon dami. Lambobin MPLS ɗin gaba ɗaya 1,048,576 ne. A ganina cinikin ya yi riba duk da haka, don sabuwar rauta na shigowa sauran za su gano ta da kansu, ba sai an bi su ɗaya-ɗaya ana gyara saiti ba.

A Fabrairun 2015 aka fitar da EVPN a RFC 7432, wadda a hankali take karɓe aikin VPLS. Ita ma ta BGP take bi, amma ba ta amfani da damin lambobi.